Kabad ɗin tik na Denmark da na ɓata da injin sanfefa

Har yau in na gitta gaban kabad ɗin nan sai idona ya faɗa kan kusurwar hagu. Baƙo ba ya ganin komai, ni kuwa na san abin da na aikata a wurin.

Doguwa ce irin ta falo, kusan mita 2, ƙirar Denmark ta shekarun 1960, mai siraran ƙafafu da durowa huɗu da ƙofofi masu zamewa. Salon da masu zana kayan ɗaki irin su Arne Vodder da Børge Mogensen suka yi fice da shi ke nan: babu ado, hannun durowa ma daga jikin katakon aka fafe shi. Na same ta a gwanjo, samanta duk zoben ruwa inda aka riƙa ajiye tukunyar fulawa.

Nauyinta ne ya yaudare ni. Na ɗauka gundarin tik ce, wato katakon nan mai ƙarfi mai launin zuma, alhali falle ne kawai, kaurinsa bai fi milimita 0.6 ba, an manna shi a kan allon garin katako da aka matse da gam. Bakin allon da ƙafafu ne kaɗai tik zalla. Da na leƙa gefen baya, da na ga layin fallen ƙarara. Zanen jikin ƙofofin ma yana maimaita kansa hagu da dama kamar a madubi, wanda ba kasafai gundarin katako ke yi ba.

Sai na ɗauko injin sanfefa, na sa masa sanfefa mai ɗan kaushi, lamba 120. Cikin ƙasa da minti ɗaya a kusurwa, launin zuma ya koma fari-fari mai ɗigo-ɗigo. Na huda falle. A gefe injin yake karkata, nauyinsa ya taru wuri guda, kuma wa ya san sau nawa masu ita na baya suka goge ta? Man shafa wa katako ba ya rufe wannan tabon, domin garin katako shanye shi yake ya yi baƙi. Dole na yanke wurin da reza a bin tsawon zanen, na nemo tsohon fallen tik na manna, na danne da kilam kwana guda. Launin bai zo ɗaya ba, watanni kafin hasken rana ya ɗan daidaita su.

Abin haushin, sauran saman bai buƙaci inji ba ko kaɗan. Tsumma da farin tina suka cire dauɗa da tsohon mai. Baƙin zoben kuma ruwan asid na okzalik ya ɗauke shi, cokali ɗaya a kofin ruwan ɗumi. A shafe saman gaba ɗaya, in an shafa kan tabon kaɗai sai a samu farin zobe a madadin baƙi. A goge da ruwa mai tsabta, a bari ya kwana. Sanfefa mai laushi, lamba 320, da hannu, a naɗe a guntun katako mai laushi, a bi zanen, kada a gicciye shi, kuma a ɗaga hannu tun kafin a kai gefe. Kafin gefe, na ce.

Mai kuwa shafi uku sirara, kwana ɗaya tsakani, ana share rarar bayan minti 15, in ba haka ba ya yi danƙo. Tsumman man a shanya shi a buɗe ko a tsoma a ruwa, dunƙulalle yana iya kama wuta da kansa.

Ƙofofin irin na asabari ne, siraran sanduna manne a kan kyalle. Suna cijewa, na goga kyandir a hanyarsu suka sake. Kusurwar hagu kuma fitila na ɗora a kai.