Takin da ya cinye min tumatir

Har yau in na wuce ta kusurwar lambun nan sai haushin kaina ya kama ni. Tushen tumatir 12 na dasa, na raine su tun suna 'yan tsiro a gwangwani, kuma ni da hannuna na kashe 7 cikin kwana uku.

Zafi ne ya kai maƙura, ma'auni yana haura digiri 38 da rana. Da azahar sai in tarar ganye ya langwaɓe, fure kuma yana ta kakkaɓewa ba ya ƙulla 'ya'ya. Nan take na yanke hukunci cewa yunwa ce ke damun su. Na ɗebo takin zamani na yuriya cike da tafin hannu, na barbaɗa wa kowane tushe dab da kara, a kan busasshiyar ƙasa, na ɗan yayyafa ruwa kamar mai kwantar da ƙura. Wai ni gwani.

Kafin kwana biyu bakin ganyen ya ƙone, in ka murza shi sai ya marmashe a yatsa. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, ba abin wasa ba. In takin zamani ya taru wuri ɗaya a ƙasar da ba danshi, shi ke zuƙe ruwa daga saiwa, maimakon saiwar ta sha. Shuka na fama da ƙishirwa, ni kuma na ɗura mata gishiri.

Abin da ya fi ƙona min rai, ashe ba yunwa ce ke damun su tun farko ba. Ganye kan yi laushi da tsakar rana don yana fitar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya jawowa, rana na yin sanyi ya miƙe abinsa. Da na leƙa su da sassafe, ko na cusa yatsa cikin ƙasar na ji danshinta, da ban taɓa buhun nan ba. Zubar furen ma halin tumatir ne: zafin rana na wuce digiri 32, garin furen da ke sa ya ƙulla 'ya'ya ba ya kamawa sosai, kuma ba takin da zai gyara wannan.

Guda 5 da suka rage, da ƙyar na ceto su. Na kwashe ƙwayoyin takin da ban ga sun narke ba, na malala ruwa sosai don ya wanke sauran zuwa ƙasa, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 6 ba tare da ta taɓa kara ba. Na ɗaura tsohon zanen gado ta ɓangaren yamma ya tare musu ranar la'asar. Ban ruwa kuwa sai da asuba, a gindi, har ya ratsa, ba yayyafin da na saba yi ba.

Duk da haka takin bai gama da ni ba. 'Ya'yan farko da suka ƙulla, gindinsu ya yi baƙi ya lotsa, don sinadarin kalsiyam bai isa gare su ba. Ban ruwa yau da yawa gobe kaɗan ne ke jawo haka, yawan naitirojin kuma ya ƙara ta'azzara shi. Na tsinke su na zubar, ina ƙunƙuni.

Ragowar yuriyar tana nan a ɗaure a bayan ƙofa. Ba zan kwance bakin buhun ba sai zafi ya sauka, kuma ko a lokacin da cokali zan auna, nesa da kara, bayan ƙasa ta jiƙa.