Launin da na ɗauka datti ne a jikin distiributa

Ƙannena masu koyon gyaran mota, musamman ku da kuke sha'awar tayar da tsofaffin motoci, akwai wata ɓarna da na yi da hannuna ina yaron gareji, kuma ina ganin da yawa a cikinku kun kama hanyar maimaita ta.

Wani dattijo ne ya kawo mana Peugeot 504, irin Fijon da aka riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Motar marigayi yayansa ce, ta yi shekaru a rufe cikin rumfa. Ya ce a mayar masa da ita yadda ta fito, ba kwalliya yake nema ba. Maigidana ya miƙa mini ɓangaren wuta: distiributa (na'urar da ke rarraba wuta ga fulogogi) ƙirar Ducellier, kwayil mai ba ta wutar da mariƙinsa, da tarin ƙananan kusoshi. A jikin ɗan gwangwanin nan na gefen distiributa, wanda iskar kafireto ke ja, da kuma mariƙin kwayil, na ga wani launi ruwan ɗorawa, idan ka juya shi a rana ya ɗan nuna kore da ja. Na ɗauka tsohon mai ne ya bushe. Na ɗaura burushin waya a garanda na bi su ɗaya bayan ɗaya har suka yi fari tas, ina jin na yi aikin kirki.

Damina ɗaya suka yi. Da motar ta dawo sabis, duk inda burushina ya taɓa ya yi jawur da tsatsa, wuraren da hannuna bai kai ba kuwa suna nan yadda kamfani ya bar su.

Abin da na kankare tutiya ce, wato zinc, wadda ake ɗora wa ƙarfe da wutar lantarki. Kaurinta yawanci tsakanin maikiron 5 ne zuwa 12, alhali silin gashin kai ma yakan kai wajen 70. Ruwan ɗorawar da ke samanta wani magani ne mai sinadarin kuromiyam da ake tsoma ƙarfen a ciki don tutiyar ta daɗe. Amfanin tutiya shi ne ita ke fara lalacewa a madadin ƙarfen da ke ƙarƙashinta, ko da an ɗan karce wurin. Shi ya sa za ka ga ta dusashe, ta yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, amma ƙarfen lafiya lau. Dusashewar nan alama ce ta tana kan aikinta. Shekaru masu yawa ta yi tana kare ƙarfen, ni kuma na cire ta cikin minti biyu.

Akwai abin da ya fi tsatsa tayar mini da hankali da na gane shi daga baya. A tsofaffin motoci da yawa, wani ƙarfe mai suna kadmiyam aka shafa wa kusoshi da ƙananan ƙarafa maimakon tutiya, kuma da ido ba ka cika bambance su ba. Ƙurarsa guba ce ga huhu da ƙoda, hayaƙinsa idan aka sa masa wutar walda ya fi haka muni. Shi kansa maganin ruwan ɗorawar na da, ba abin shaƙa ba ne. Na tsaya a kan garanda ba ko ƙyalle a hancina. Don Allah kada ku yi haka.

Kuskure na biyu ya faru a rana guda da na farko. Maƙalai biyun da ke riƙe murfin distiributa sun ɗan yi tsatsa, sai na jefa su cikin ruwan batir tare da ƙananan sifirin biyu na cikin distiributar. Sun fito fes. Da na zo rufe murfi, ina danna maƙali ɗaya ya karye kamar busasshen kara. Ƙarfe mai tauri irin na sifirin yana shan iskar haidurojin idan ya zauna a asid, sai ya zama mai saurin karyewa ba tare da wata alama a waje ba. Masu shafa tutiya da suka san aikinsu suna gasa irin wannan ƙarfe na sa'o'i a zafin da ya kai wajen digiri 200 don iskar ta fita. Maƙali dai ana samu. Sifirin na ciki su ne abin ji, domin ƙarfinsu ne ke tsara yadda lokacin wuta ke matsawa gaba idan inji ya ɗauki gudu, kuma an auna su ne daidai da wannan injin. Ka sa na wata distiributa, mota za ta tashi, amma ba za ta ja yadda ta saba ba.

Jikin distiributar alminiyam ne, kuma soda ta masu sabulu cinye shi take yi, ta bar shi baƙi da ramuka. Samfefa kuma tana share lambar da ke jikinsa, wadda da ita ake gane kwantak da kondensan da suka dace, wato ƙananan kayan wutar da ake haɗa wa distiributar. Fentin azurfa na gwangwani da yara ke fesawa don rufe ɓarna shi ma yana da tasa matsalar: kwantak da kondensa ta jikin distiributar wutarsu ke komawa inji, idan fenti ya shiga tsakani sai ka wuni kana neman laifin da babu shi a kwayil.

Yanzu idan irin wannan aiki ya zo hannuna, hoto nake fara ɗauka ta kowane gefe kafin in kwance ko kusa ɗaya. Sai kananzir da tsohon burushin haƙori, sai ruwan sabulu, in shanya, in shafa mai kaɗan da tsumma. Sau tari iyakar abin da ake buƙata ke nan. Ɗan gwangwanin ba na tsoma shi cikin komai, saboda akwai roba a cikinsa da ke lalacewa. Abin da tsatsa ta riga ta ci sosai shi kaɗai nake kai wa masu shafa tutiya, in faɗa musu launin da nake so, fari ko ruwan ɗorawa, in kuma tambaye su ko suna gasa sifirin. Wanda bai gane tambayar ba, ba na bar masa su.

Dattijon nan bai yi mini faɗa ba. Ya shafa gwangwanin da yatsa ya ce, "Yaro, ba haka launinsa yake ba lokacin da Yaya ya sayo ta." Na ce, "Haka ne, Baba, laifina ne." Makonni na yi ina zagaya kasuwar Panteka kafin na samu wata distiributa mai lamba iri ɗaya, wadda ba wanda ya taɓa gogewa. Na wanke ta da kananzir, na saita kwantak a milimita 0.4, na ɗaura masa ita da launinta na asali.