Asabar, 3 ga Agusta 2024

Aikin da na ɗauko daga ofis na nan a jaka ban taɓa shi ba, don tun bayan Magariba nake gaban talabijin ina kallon wasan takobi na mata a gasar Olamfik ta Faris. Wasan ƙarshe ne na ƙungiya, Yukren da Koriya ta Kudu.

Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, wai me kike gani a nan? Kafin na ƙifta ido sun gama." Gaskiyarta, sara ɗaya ba ya kai daƙiƙa biyu. Na zaunar da ita na bayyana mata: mutum uku-uku ne, zagaye tara, ana ta tara maki har wani ɓangare ya kai 45, kuma a wannan nau'in sara daga ƙugu zuwa sama ne kawai ake ƙirgawa. Wadda aka bar wa zagayen ƙarshe ita ke ɗaukar nauyin kowa.

A zagayen ƙarshe Olga Kharlan 'yar Yukren ta hau fili Koriya na da 40, Yukren na da 37. Ta ci takwas, aka ci ta biyu kacal. An tashi 45 da 42. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan ba sabon nauyi ba ne a wuyanta. A Beijing a 2008, tana 'yar shekara 17, ita ce ta rufe wasa da Sin a gidansu, 45 da 44. Yau shekarunta 33, garinsu Mykolaiv ya sha ruwan bama-bamai tun 2022, amma hannun bai mutu ba. Ko ranar Litinin ɗin nan an bar ta a baya 11 da 5 a wasan neman tagulla na mutum ɗai-ɗai, ta farfaɗo ta doke Choi Se-bin 'yar Koriya ta Kudu 15 da 14. Zinariyar yau ita ce lambarta ta shida a Olamfik, ban da kambun duniya huɗu na ita kaɗai.

Ga shi bara saura ƙiris a toshe mata hanyar Faris. A gasar duniya a Milan ta doke Anna Smirnova 'yar Rasha 15 da 7, ta ƙi ba ta hannu, ta miƙa mata takobi a maimako, sai aka ba ta baƙin kati aka kore ta. Na san gaisuwa bayan wasa doka ce a lokacin, amma har yau raina bai yarda a tilasta wa mace ta kama hannun 'yar ƙasar da ke luguden wuta a kan mahaifarta ba. Sai da Thomas Bach, shugaban kwamitin Olamfik na duniya a lokacin, wanda shi ma tsohon ɗan wasan takobi ne, ya rubuta mata wasiƙar tabbacin gurbi, hukumar wasan kuma ta janye wajabcin musabahar.