Wa ke biyan kuɗin karatun sakandare na kyauta?

A shekarar 2015, a taron da aka yi a birnin Incheon na Koriya ta Kudu, ƙasashen duniya sun amince cewa kowane yaro ya cancanci karatun firamare da sakandare na shekara 12 kyauta, kuma gwamnatoci su riƙa ware wa ilimi kashi 4 zuwa 6 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, ko kashi 15 zuwa 20 na abin da suke kashewa. Batun ware wa ilimi kashi 26 cikin 100 na kasafin kuɗi, wanda ake yawan jingina wa UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ya cikin takardar wannan yarjejeniya, ko da yake har gobe ana jin sa a bakin masu jawabi.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ke faruwa bayan an sanar da soke kuɗin makaranta, domin sanarwa ba ta sayen alli. Kenya ta fara shirin sakandaren jeka-ka-dawo kyauta a 2008, inda gwamnati ke biya wa kowane ɗalibi wani adadi, wanda aka ɗaga zuwa shilin 22,244 a 2018. A takarda tsarin ba shi da aibi, amma shugabannin makarantu sun daɗe suna kuka cewa kuɗin na zuwa a makare, wani lokaci kuma ba a cike ba. Duk wanda ya taɓa shiga ofishin shugaban makaranta a tsakiyar zango ya san yadda abin yake: takardun bashin 'yan kwangila jibge a kan tebur, malamin kimiyya na tsaye yana tambayar sinadaran gwaji, shi kuwa shugaba ba shi da amsa sai "a ƙara haƙuri". Daga nan ne kuɗin da aka soke ke dawowa ta bayan gida, da sunan gudunmawar ƙungiyar iyaye da malamai, kuma ɗan talaka ne ke fara zama a gida.

Ghana ta yi nata a watan Satumban 2017, zamanin Nana Akufo-Addo, har da abinci da wurin kwana da littattafai. Ɗalibai suka yi ta tururuwa har azuzuwa suka kasa, aka koma raba su rukuni biyu a 2018, wasu na makaranta wasu na hutu. A ganina wannan ya nuna cewa kuɗi ne dama ke tare yara da yawa, sai dai an buɗe ƙofa kafin a gina ɗaki.

A Najeriya kuwa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma ta tsaya a ƙaramar sakandare, kuma sai jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓa.

Sakandare ta fi firamare tsada, tun da kowane darasi na buƙatar malaminsa, ga ɗakin gwaje-gwaje, ga kuɗin jarrabawa, kuma albashi ne ke cinye mafi yawan kasafin. Shi ya sa idan na ji an karanta kasafin ilimi, tambayata ita ce nawa aka saki daga abin da aka ware, kuma a wane wata ya isa makaranta.