Fitilar neman kunama da murfin roban da ya shanye haskenta

Daga watan Afrilu ɗaki ba ya kwantuwa a Damagaram. Kowa tabarma yake fitarwa tsakar gida, kuma daidai lokacin ne kunama take yawonta. Gidanmu a Birni yake, tsohon ginin ƙasa, ga duwatsu a bayansa, shi ya sa na ƙudura sai na haɗa fitilar da za ta tona mata asiri kafin yara su kwanta. In hasken UV, wato wani haske da ido ba ya gani, ya sauka a fatar kunama sai ta ɗauki ƙyalli kore mai ratsin shuɗi, ko da ta lafe a bango mai irin launinta.

Dabarar nan da ake yawo da ita a waya, ta shafa wa tocila shuɗin tawada, ku bar ta. Farin LED, wato ƙwayar da ke ba tocila haske, shuɗi ne a asalinsa, wajen nanomita 450 (ma'aunin da ake bambanta launin haske da shi), aka lulluɓe shi da sinadari rawaya. Babu UV a cikinsa, kuma tawada ba ta ƙirƙiro abin da babu. Launin LED daga ƙwayarsa yake fitowa. Na sa aka kawo mini mai nanomita 365 daga Kano, domin na 395 yana zubar da hasken shunayya da yawa, ya cika ido ya rage wa ƙyallin ƙarfi.

Haɗin bai ba ni wahala ba. Ƙwaya mai wat 1, tana son wajen volt 3.6 da miliamfa 350, wuta daga fawa-bank mai volt 5, rezistans mai om 4.7 a tsakani. Na ɗaure ta a kan alminiyom ɗin da na ciro daga matacciyar kwamfuta, don zafin garin nan da kansa ya wuce digiri 40. Na zura komai cikin gangar tsohuwar tocila, na mayar da murfinta na roba saboda ƙura.

Da dare na kunna. Ba komai. Wani ɗan haske dishi-dishi kawai, farar rigar da aka wanke da omo ma, wadda ya kamata ta haska shuɗi, ko gezau. Mita ta nuna wuta tana tafiya daidai, sai na yanke cewa jabu aka turo mini. Na sake biyan kuɗin wata ƙwayar da kuɗin mota, na jira, na sake liƙawa da dalma. Abin da aka yi jiya shi aka yi yau. Kuɗin nan har yanzu yana ci mini rai, domin ƙwayar farko lafiyarta lau.

Wani dattijo mai gyaran rediyo kusa da kasuwar Dole ne ya warware mini. Ya juya fitilar a hannunsa, ya ƙwanƙwasa murfin da farce.

"Ɗana, cire wannan mu gani."

"Baba, ai garau yake, ana ganin komai ta cikinsa."

"Idonka ne yake gani ta cikinsa. Cire."

Na kwance murfin, na haska farar takardar da ke kan teburinsa cikin inuwar shago, sai ga ta ta tashi shuɗi fau. Murfin irin roban nan ne mai tauri da ake kira polikabonet. Hasken da ido yake gani yana ratsa shi, amma abin da ya yi ƙasa da wajen nanomita 400 shanye shi yake. Na sayi 365, na tsare shi a bayan abin da ba ya barinsa wucewa. Ba kowane roba ne yake haka ba, amma da ido ba ka rarrabewa, sai da gwaji: haska farar takarda da murfi, ka haska babu murfi. Yanzu gutsuren gilashi siriri na yanka na sa, yana tare ƙura, haske kuma yana fita.

Roban da ya ɓata mini kuɗi kuwa shi ne ya dace da fuska. Fitilar nan tana yaudara, kana ganinta kamar ba ta da ƙarfi alhali tana dukan ido. Na nemi tabarau na polikabonet irin na masu aikin ƙarfe, ba na kunnawa sai da shi, ba na kuma barin yara su riƙe ta.

Daren da muka fara zagaye da ita, a gindin randa muka tarar da kunama ta farko, wurin da ake ajiye moɗa. Kore shar, ƙari a ɗage, har gaɓoɓin wutsiyarta ana ƙirgawa daga taku uku. Uwargida ta yi salati ta janye ƙafa. Sai dai wadda ta yi saɓa kwanan nan ba ta ƙyalli sai fatarta ta yi tauri, wadda ta shige cikin takalmi kuma haske ba ya kai mata, don haka har yanzu muna kakkaɓe takalma da tabarmi. Maƙwabta sun fara aiko yara aro bayan sallar isha'i, sai dai in tashi in raka su da kaina.