Maiƙon da ke cikin jinina da shayin safe

A watan jiya na karɓi sakamakon gwajin jinin da likita ya sa na yi bayan na kwana ban ci komai ba sai ruwa, kuma layi ɗaya ne ya tsaya mini a rai, wato na tiraigilisaraid, wani nau'in maiƙo da ke cikin jini, inda aka rubuta 240. Likitan ya bayyana mini cewa abin da ake so shi ne ƙasa da miligiram 150 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini, daga 150 zuwa 199 an hau kan iyaka, daga 200 zuwa 499 ya yi yawa, 500 zuwa sama kuwa ya kai matakin haɗari. Na yi saurin kare kaina da cewa ni ba mai cin kitse ba ne, ko tsire zan saya sai mai nama ya zaɓar mini tsoka zalla. Bai musa ba, sai dai ya tambaye ni cokali nawa na sukari nake zubawa a shayi.

Tiraigilisaraid shi ne nau'in maiƙon da jiki yake ajiyewa a matsayin kitse, kuma ba abokin gaba ba ne. Rumbu ne da jiki yake komawa gare shi idan abinci ya yi nisa, kamar lokacin azumi ko doguwar jinya, kamar yadda raƙumi yake rayuwa da kitsen tozonsa a cikin sahara. Giram ɗaya na kitse yana ba da kalori 9, alhali sitaci da furotin 4 kawai suke bayarwa. Kitsen yana kuma riƙe ɗumin jiki, yana yi wa ƙoda da sauran kayan ciki matashi, kuma sai da maiƙo a abinci hanji yake iya tsotse bitamin A, D, E da K yadda ya kamata.

Abin da ban sani ba shi ne hanta ma tana ƙera wannan maiƙo da kanta. Duk sukari da sitacin da suka wuce buƙatar jiki, hanta tana juya su zuwa tiraigilisaraid ta tura cikin jini. Ke nan mutumin da ya karya da shayi mai kauri da burodi, ya ci farar shinkafa da lemon kwalba da rana, ya dama fura da sukari da yamma, sannan ya yini zaune a shago, yana tara maiƙo ko da bai taɓa tozo ba. Wannan mutumin ni ne. A ganina mun ɗora wa man gyada da nama laifin da rabinsa na gwangwanin sukari ne.

Yawan tiraigilisaraid ba ya ciwo, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba. Sau da yawa yana tafiya tare da tumbi, hawan jini da ciwon sukari, yana ƙara haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya da shanyewar ɓarin jiki, yana kuma taruwa a hanta. Idan ya haura 500, musamman ya kai 1,000, yana iya kumbura fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin (sinadarin da ke daidaita sukari a jini), da ciwon ciki mai tsanani da ke kwantar da mutum a asibiti. A irin wannan mataki ruwan jinin da aka ɗiba yakan yi fari kamar madara. Giya tana ɗaga shi, haka ma ƙwayoyin sitiroid da wasu mata suke sha domin ƙiba.

Ni dai ba a rubuta mini magani ba tukuna. An ce in rage sukari da abin sha mai zaƙi, in riƙa cin wake da ganye da kifi mai maiƙo irin su sadin, in yi tafiyar ƙafa ta aƙalla minti 150 a mako, sannan in koma gwaji bayan wata 3. Tafiyar ba ta ba ni wahala ba, domin na mayar da ita bayan sallar asuba. Shayin ne har yanzu muke ja-in-ja, na dai sauko daga cokali 4 zuwa 1.