Kunkuruna ya cika sauri

Makonni uku na yi ina zargin kowa da komai ban da kaina. Na zargi intanet, na zargi rashin sa'a, har na fara cewa wasan Pokémon ɗin ne yake fifita 'yan Japan. Ashe da hannuna na lalata tawagar tun kafin in shiga karawar farko, kuma lokacin da nake lalata ta ɗin murna nake yi, ina ganin gyara nake.

A ƙarshen 2024 ne na yanke shawarar shiga karawar matsayi ta wasan Pokémon Scarlet a na'urar Nintendo Switch, wato ta biyu-biyu, inda za ka zo da dodanni shida ka zaɓi huɗu. Lokacin dokar da ake kira Regulation H ce take aiki, an hana manyan dodannin almara da na Paradox, don haka na ga dama ce ga irina da bai tara komai ba. Na gama labarin wasan tun 2023, amma gama labari daban, karawa da mutum mai rai daban. Ƙanena ne ya daɗe a harkar, shi ya nuna mini shafin intanet na Pokémon Showdown, inda za ka haɗa tawaga kyauta ka gwada ta ba tare da ka yi kiwon komai ba.

Can na ƙulla tawagar Trick Room, wato ɗakin da ke juya jerin motsi. Indeedee mace ta shimfiɗa filinta ta janye duka zuwa kanta, Hatterene ta juya lokaci yadda mai nawa zai riga mai sauri, sai Torkoal, kunkurun wuta, ya shigo da ranarsa ya saki bugunsa na Eruption. Na ƙara Kingambit, da Lilligant don ranar da ba na son kafa ɗakin, sai Garchomp, wanda ba shi da wani aiki a tawagar illa ina son sa tun ina makarantar sakandare. A Showdown abin ya yi ta tafiya kamar an shafa mai. Kunkurun nan yana fitowa, sai ka ga biyu sun zube a bugu ɗaya. Na kwafe komai a bayan wani tsohon littafin lissafi: motsi huɗu-huɗu, kayan riƙo, hali, rabon horo. Layi ɗaya kawai na tsallake a ƙasan Torkoal, ɗan gajeren nan mai sifili biyu, na ƙarfin duka da na sauri. Na ɗauka ƙawa ce ta masu son nuna sani.

Ƙanena ya tausaya mini, ya turo mini Indeedee da Hatterene a shirye, da kuma jaririn Torkoal da ya ƙyanƙyashe da kansa, ya ce wannan in yi renonsa da hannuna don in koyi aikin. Ban tambaye shi ƙwai nawa ya fasa kafin ya same shi ba. Daga baya na ji sun haura arba'in, don damar samun sifili a lambar gado ta sauri, wato lambar da dodo ke fitowa da ita daga ƙwai, daga 0 zuwa 31, ɗaya ce cikin 32.

Na yi reno tsakani da Allah. Na yi ta zagaya gasar makarantar nan ta cikin wasan ina tara kuɗi, na sayi maganin horo kwalba 26 na jini, 26 na ƙarfin tsafi, kowace a kan 10,000, kuɗin wasa 520,000 ke nan. Na ɗura masa alewar ƙarin mataki har ya koyi Eruption. Sai na buɗe akwati na duba hukuncin lambobin gadonsa, na ga a wurin sauri an rubuta cewa ba shi da kyau sam. Raina ya ɓaci. Har na ce a zuciyata yaron nan ya raina ni, ya ba ni ragowar da ba ya so.

Ina da murfin kwalba na zinari, wanda ke cika lambobin gado duka, guda ɗaya tak da na daɗe ina ɓoyo, ina jiran wanda ya cancanta. Na ɗauki kunkuruna na hau dutsen ƙanƙara zuwa Montenevera, wurin mutumin nan da ke tsaye da Abomasnow, na miƙa masa zinarin. Nan take duk lambobin shida suka cika, har da saurin. Na tsaya ina kallon allo ina jin daɗi, har hoto na ɗauka. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba a warware wannan horon. Babu wani abu a cikin wasan da zai mayar da shi.

Ga abin da na yi a lissafe, don wanda bai taɓa zama ya ƙirga ba. Tushen saurin Torkoal 20 ne. A mataki na 50, da hali mai rage sauri da sifili a gado, saurinsa 22. Da gadon ya cika 31, sai ya koma 36. Amoonguss kuwa tushensa 30, idan aka danne shi iya dannewa yana tsayawa a 31. Hatterene tana 30. Wato a cikin ɗakin da na sha wahala na kafa, inda mafi nawa ne sarki, kunkuruna da ya kamata ya riga kowa motsi ya koma bayan naman kazan nan mai ƙurar barci. Tazarar maki biyar ce kacal tsakanin 31 da 36, amma a wannan wasan ko maki ɗaya ne ya raba ku, an raba ku.

Ban san haka ba, na shiga fage. Matakan farko sun wuce ba gardama, don can za ka haɗu da masu zuwa da tawagar da suka gama labari da ita. Da na iso matakin Great Ball sai aka fara yi mini abu ɗaya kullum. Akwai wata karawa da har yau nake ganin ta idan na rufe ido. An ɗauke wuta, ina kwance a tsakar gida, wayata ce take ba na'urar intanet. Ɗakin ya kafu, Indeedee ta sha dukanta ta faɗi kamar yadda aka tsara, Torkoal ya shigo da cikakken jini, rana ta buɗe. Abokin karawar yana da Amoonguss a fili, sai kuma ya janye ɗayan ya sako Rillaboom don ya goge filin Indeedee da ciyawa. Ciyawa biyu a gaban wuta, ga rana, ga gawayi mai ƙara ƙarfin wuta a hannun kunkuru. Har na miƙe zaune. Hatterene ta buga wa Amoonguss, bai faɗi ba tunda filin ya canza. Sai na ga naman kaza ya girgiza, ƙura ta tashi, Torkoal ya sunkuyar da kai. Zagaye biyu yana barci ana jibgarsa. Da ya farka jininsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma Eruption da jini yake tafiya, ƙarfinsa 150 ne idan jini ya cika, yana raguwa yana raguwa. Abin da ya fito ko shayi ba zai dafa ba. Ɗakin ya ƙare, aka share ni.

Abin haushin shi ne a Showdown irin wannan yanayin nasara ce a hannu. Na koma can na sake gwadawa, kunkurun can ya riga Amoonguss, ya ƙone shi. Na dawo na'ura, a sa ni barci. Maimakon in ce to me ya bambanta kunkurun can da na nan, sai na ce mutanen na'ura sun fi wayo. Na fara sauye-sauyen da ba su da alaƙa da ciwon. Na cire gawayi na sa masa tabarau mai kare ƙura, barci ya daina kama shi, amma kuma bugunsa ya ragu, ga shi duk Torkoal ɗin da na haɗu da shi a ɗaki sai ya riga nawa ya rage masa jini. Na canza rabon horon Kingambit sau biyu. Na cire Lilligant, na mayar da ita. Duk wannan kuɗi ne da dare.

Ƙanena ya zo hutun ƙarshen mako, ya zauna a gefena yana kallo ina karawa. Bai ce komai ba har aka sake sa kunkurun barci. Sai ya ce, "Yaya, tsaya. Ya aka yi Amoonguss ya riga shi?" Na ce ai haka suke yi mini kullum. Ya karɓi na'urar ya buɗe shafin lambobi, ya yi shiru, sannan ya ɗago ya kalle ni. "Yaya, me ka yi wa kunkurun da na ba ka?" Na ce gyara shi na yi, ai ba shi da kyau ka turo shi. Ya dafe kai. Dariya ta zo masa amma yana jin nauyina, sai ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, "Wallahi Yaya, sati biyu na yi ina neman wannan rashin kyaun."

Na tuna da layin da na tsallake a littafin lissafi. Na tuna da hoton da na ɗauka a Montenevera. Sauri ya haifi nawa, ni kuma nawa nake nema sauri ya hana ni.

Maganin gaggawa da ya fara ba ni shi ne in riƙa masa Iron Ball, wanda yake raba sauri biyu, 36 ya koma 18. Ya yi aiki, kuma a daren na ga abin da ya kamata in riƙa gani tun farko, amma wurin riƙo ɗaya ne, idan ƙarfe ya zauna gawayi ya fita. Wasu bugun da ya kamata su kashe sai su bar ɗan jini. Sannan ya gaya mini abin da ya sanyaya mini rai: horon murfin kwalba fenti ne kawai a sama. Ainihin lambar gado tana nan a ƙasa ba ta motsa ba, kuma ita ake gadar wa 'ya'ya. Wato sifilin da ya sha wahala a kai bai mutu ba, yana cikin jinin kunkurun. Muka ɗaura masa Power Anklet, wanda yake tilasta gadon lambar sauri, muka shimfiɗa tabarmar shan iska da shi da Ditto, dodon da ake haɗawa da shi don samun ƙwai, muka jira ƙwai a kwando. Na farko ya fito da White Smoke, ba ya kiran rana. Na biyu ya fito da Drought, da sifilinsa cif.

Sauƙin ke nan. Wahalar ita ce sake komai daga tushe: ganyen canza hali, alewar mataki, wata 520,000 ta maganin horo, da murfin kwalba na gama-gari guda huɗu a kan 20,000 kowanne. Wannan karon a gaban mutumin Abomasnow ɗin na zaɓi jini, da kariya biyu, da ƙarfin tsafi, ɗaya bayan ɗaya, ina karantawa da ƙarfi kamar mai biya allo. Sauri da ƙarfin duka ban ko kai yatsa kusa da su ba. Zinarin kuwa ya tafi ke nan. Da a kan Garchomp na kashe shi da ya fi, duk da shi ma bai daɗe a tawagar ba.

Maganar Garchomp ɗin ma sai da muka yi musu. Na kafa hujja da Sejun Park, wanda ya ci gasar duniya a 2014 da Pachirisu, ɗan kuregen da ba wanda ya ɗauka da muhimmanci. Ƙanena ya ce Pachirisu aiki aka ɗauke shi, yana janye duka da Follow Me, yana shanye lantarkin da aka nufi Gyarados da shi. Ya ce in faɗa masa aikin Garchomp mai tushen sauri 102 a cikin ɗakin da masu nawa ke mulki. Na duba, a karawa kusan talatin sau uku na fito da shi. Na cire shi na sa Amoonguss nawa, na kuma danne saurinsa har ƙasa, don in ɗanɗana wa wasu abin da aka ɗanɗana mini.

Ba wai daga nan na daina faɗuwa ba. Tawagar da ta jingina da ɗaki ɗaya tana da lagonta, kuma masu wayo sun san shi. Zagaye biyar ne, na kafawa yana ciki, saura huɗu. Mutum ya yi Protect a nan, ya yi musanya a can, sai ka ga lokacinka ya ƙare kana tsaye da kunkuru a gaban Sneasler. Wani kuma ya bari ka kafa, ya sake kiran Trick Room ya rushe. Pelipper ya shigo ya mayar da ranarka ruwan sama. Amma wannan faɗuwa ce da nake gane dalilinta, ina iya zama in ce a zagaye na uku na yi kuskure. Waccan ta makonni uku ba ta koya mini komai ba, don ina gyara dabara ne alhali lamba ce ta karkace.

Yanzu duk wanda ya ce mini zai haɗa tawagarsa ta farko, abu ɗaya nake nanata masa har ya gaji da ni. Idan ka gama reno, ka ajiye shafin Showdown a gefe, ka buɗe shafin lambobin na'ura a mataki na 50, ka bi su shida-shida, dodo bayan dodo, ka tabbata kowace lamba ta yi daidai da 'yar'uwarta. Minti goma ne. Da na yi haka da na ga 36 a inda ya kamata in ga 22 tun daren farko. Kuma kafin ka kashe ko sisi, ka ari tawagar haya ta wani ka yi karawa ashirin da ita a na'urar, don ka san yadda jerin motsi yake idan komai yana daidai. Ni ban taɓa ganin daidai ɗin a na'ura ba, shi ya sa da ya karkace ban gane ba.

Na taka matakin Master Ball, mafi girma, ana saura kwana huɗu wata ya ƙare, kuma karawar da ta kai ni da Amoonguss aka yi ta, bai samu ya girgiza ba. Tsohon kunkurun yana nan a akwati na farko, ban sake shi ba. Ƙanena ya sa na canza masa suna zuwa Direba, kuma duk sanda ya karɓi na'urar sai ya fara buɗe akwatin ya gaishe shi.